Idon Baba da Babbar Mota

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baban Tagwaye da yaran duka. Allah ya ba ki sauƙin ƙafar nan da Mama ta ce tana damunki idan kin daɗe a tsaye, ya raba ki da ciwon gaba ɗaya. Mu nan lafiyarmu ƙalau. Mama tana nan da ƙarfinta. Auta ta fitar da haƙora huɗu, ta fara takawa tana dafa bango. Ƙanwata kuwa, wadda kika sa wa suna Rediyo, har yanzu ba a gano wajen kashe ta ba. Baba yana kan hanya yanzu haka da nake wannan rubutu, jibi muke sa ran dawowarsa in Allah ya yarda.

Gwaggo, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har Mama. Na so in faɗa miki a waya, amma wayar Mama ba a jin magana a cikinta sai an buɗe murya kowa yana ji, kuma abin da Rediyo ta ji da safe, kafin azahar ya kai ƙarshen layinmu. Shi ya sa na ciro takardu daga tsakiyar littafina. Maganar ita ce, takardar gwajin ido ta farko da Baba ya kai makarantar koyon tuƙi ba ta gaskiya ba ce, kuma ni ce na jawo hakan. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki yi mini faɗa, don abin ya zo mana da sauƙi, alhamdulillahi.

Kin san Baba ya yi shekaru yana dako a sito, yana sauke buhu yana lodin buhu. Bara bayansa ya fara ciwo sosai, har wani lokacin sai ya zauna a bakin gado ya daɗe kafin ya iya sunkuyawa ya sa takalmi. Kullum yana ganin direbobin tirela suna zuwa ɗaukar kaya, wasu ma sun girme shi, suna zaune a inuwa ana yi musu lodi. Sai ya ce tunda ya taɓa jan ƙaramar mota yana saurayi, bari ya koyi babba kafin bayan ya gama kayar da shi. Makarantar wata uku ake yi, daga safe zuwa la'asar, babu albashi, kuma kafin a fara ake biya, in mutum ya faɗi ko aka kore shi ba a mayar masa da komai. Mama ce ta ce a yi. Ta sayar da firijinta, wanda take yin ƙanƙarar sayarwa da shi. Ranar da aka zo ɗauka ta wanke shi tas, ta goge, ta naɗe wayarsa ta ɗaure da zare, sannan ta shige ɗaki ba ta tsaya ganin fitarsa ba. Muka mayar wa mai gida ɗakinmu na biyu, muka koma ɗaki ɗaya mu biyar. Akwatuna suka hau kan juna har kusa da rufi, ni da Rediyo muna kwana a tabarma tsakanin gado da ƙofa, duk wanda zai fita alwala sai ya tsallake mu. Ni kuma aka ɗage mini shiga sakandare zuwa zango na gaba. Baba da kansa ya gaya mini wannan, bai iya kallona ba, yana ta juya hularsa a hannu. Ranar da babu makaranta kuma sai ya koma sito ya yi dako da wannan bayan nasa, don a samu na cefane.

To ga abin da ni kaɗai na sani a lokacin. Baba ba ya gani da nisa. Na kusa yana ganinsa tar, har zare yana iya sa wa Mama a allura, amma idan mutum ya wuce tsawon gida uku, sai dai ya ga inuwa tana tafe. Ko kin lura da haka kuna yara? Ni na gane ne saboda ni yake ɗauka idan za shi kasuwa. Wata rana ya ɗaga hannu ya yi sallama da ƙarfi har da tambayar iyali, ashe riga ce wani ya rataye a jikin ƙofa tana bushewa. Daga ranar, in muna tafe, sai in riƙa faɗa masa a hankali wanda yake zuwa, ga mai kanti nan, ga liman nan, ga mijin maƙwabciyarmu, shi kuma sai ya ɗaga murya ya gaishe su da sunansu tun daga nesa. Mutane har yabonsa suke wai ba ya wuce kowa. Ba mu taɓa yin maganar ni da shi ba. Haka kawai muka saba.

Bayan an biya kuɗin ne aka ce kowa ya kawo takardar lafiya daga asibiti cikin makon farko, har da gwajin ido. Ranar Baba ya dawo bai ci abinci ba. Na ji yana gaya wa wani abokin aikinsa a ƙofar gida, kamar zancen wani yake yi, wai idan mutum idonsa da ɗan rauni fa. Abokin ya ce ai shi ke nan, babu kamfanin da zai ba mai ido huɗu tirela, duk 'yan sito sun san haka, ka taɓa ganin direban babbar mota da tabarau in ba baƙi na gayu ba? Ina bayan labule ina tsintar shinkafa. Na dubi wajen da firijin Mama yake da, inda har yanzu shatinsa yana nan a siminti.

Kwana biyu bayan haka na raka Mama kai Auta allura, a asibitin da Baba zai je gwajin. Muna kan layi sai na ga wani ɗaki a buɗe, ga allon gwajin ido a jikin bango, haruffa manya a sama suna ƙanƙancewa har ƙasa. Babu kowa a ciki. Na ce wa Mama zan zaga. Na shiga, na kwafe su layi layi a bayan littafin lissafina. Da muka dawo na sake rubuta su da kyau na sa wa Baba a aljihun rigar da zai sa da safe. Bai tambaye ni ba, Gwaggo, bai sa ni ba, dabarata ce. Da ya gani ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya kalle ni, sannan ya naɗe ta ya mayar aljihu. Kwana uku muna bita a hanyar kasuwa, ina cewa layi na biyar, yana karantowa, har ya iya su daga baya zuwa gaba, ko da za a nuna masa a birkice. Ban san yadda aka yi Rediyo ta ji ba, sai ga ta tana tsalle a tsakar gida tana rera haruffan kamar waƙa, har Mama tana cewa yarinyar nan ta fara son boko. Na kusa suma. Baba ya je gwaji, ya karanto har layin ƙasa, nas ɗin ta ce masa idonsa ya fi nata.

A ranar na yi murna. Washegari murnar ta fara tafiya. Da yake babu kuɗin sayen abinci a makarantar, ni nake kai masa a kula da rana, tafiyar kusan rabin awa a ƙasa. Wurin wani babban fili ne da aka zagaye da waya, da rumfar kwano ɗaya, da tirela guda biyu tsofaffi, da gangunan ƙarfe da aka jera don koyon ribas, wato ja da baya. Ranar farko da na tsaya kusa da motar na ga tayarta ta kai mini ƙirji. Na tuna mutumin da ya gaishe da riga shi ne zai hau wannan ya shiga titi inda yara suke tsallakawa makaranta. Tun daga nan na daina jin daɗin abinci. In faɗa, firijin Mama da ɗakinmu sun tafi a banza, kuma Baba ya koma ɗaukar buhu har bayansa ya karye. In yi shiru, ban san wa motar za ta taka ba. Na yi ta addu'a, amma ban ma san me zan roƙa ba.

Malaminsu wani tsohon direba ne gajere mai ƙaton ciki, ana kiransa Oga Birki, saboda kalmar da ta fi fita daga bakinsa ke nan. Yana da wata kujerar roba da yake ja duk inda za shi. A wata na farko Baba ya yi ƙoƙari, ya iya sa giya, ya iya duba taya da mai da iska, har Oga yana nuna shi ga samarin da suke koyo tare yana cewa su kalli dattijo su ji kunya. Da aka zo ribas ne abin ya lalace. Yadda suke yi, Oga yana tsayawa can bayan tirela, da nisa, yana ba da alama da hannu, direba kuma yana kallonsa ta madubi. Hannu ya yi nan, ka karya nan, ya dunƙule hannu, ka taka birki. Ƙarar injin ba ta barin a ji magana. Baba ba ya ganin hannun. Sai dai ya yi ta cinta, yau ya ture ganga ɗaya, gobe biyu, samarin suna dariya suna cewa Baba zai buɗe kasuwar gwangwan. Ran nan a gabana Oga ya dunƙule hannu, ya ɗaga shi sama, ya yi ta ihu, Baba yana ta tahowa. Sai da Oga ya yi tsalle gefe. Tirelar ta bi ta kan kujerarsa ta mai da ita kamar faranti. Oga ya tako har gindin motar yana huci, ya ce takarda ta nuna idon Baba lafiya lau, saboda haka taurin kai ne ko raini, kuma in ya ƙara sau ɗaya, ya tattara ya koma wa buhunansa. Baba ya sauko ya ba shi haƙuri har da cire hula. Abincin da na kai ranar haka na dawo da shi.

Sai na sake yin wata dabarar, kin ji ni da dabaru. Na lura akwai wani wuri a jikin wayar, kusa da kan motar, inda idan na tsaya Baba zai gan ni sosai a madubi, ni kuma ina hango Oga. Sai na riƙa zuwa da wuri, in ajiye kula a ƙasa, in tsaya a nan. Duk abin da Oga ya yi da hannu, sai in yi irinsa a hankali a gaban ƙirjina, kamar ina gyara mayafi. Kwana huɗu Baba bai taɓa ganga ba. Samarin suka fara cewa an yi masa addu'a. A rana ta biyar ina cikin yi, idona yana kan madubi, ban lura Oga ya bar wurinsa ba, na waiwaya in ga alamar gaba, sai na gan shi tsaye a bayana, waya ce kawai tsakaninmu. Ya tambaye ni wa ya ɗauke ni aiki, kuma nawa ake biyana, don shi ba a gaya masa an yi masa mataimakiya ba. Gwaggo, kin san ni. Hawaye kawai suka zo mini.

Oga ya juya ya nufi motar. Ya sa Baba ya kashe mota ya sauko, ya kore samarin zuwa rumfa, ya ja Baba gefe kusa da inda nake. Ya nuna masa ɗaya tirelar da ke can ƙarshen fili ya ce ya karanta masa lambarta. Baba ya ƙanƙance ido, sannan ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya ba. Ya ce a yi masa rai, matarsa ta sayar da abin sana'arta, 'yarsa ta fasa shiga makaranta. Ban taɓa jin muryar Baba haka ba. Ni na gama sallamawa, har na fara tunanin yadda za mu shiga gida. Sai Oga ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ƙafarsa ɗaya ɗaure da waya, ya ɗora a hanci. Ya ce shekara ashirin da shida yana jan tirela da wannan, kuma a jikin lasisinsa ma an rubuta cewa sai da shi zai tuƙa. Ya ciro lasisin ya nuna. Ya ce a nan filin koyo yake cire shi don yana matse masa hanci, kuma ganguna ba sa gudu. Ya tambayi Baba wane jaki ne ya gaya masa mai tabarau ba ya tuƙi. Baba ya ce a sito ake faɗa. Oga ya ce to shi ya sa suke sito har yanzu. Ya yi faɗa sosai bayan nan, ba na wasa ba. Ya ce da Baba ya fita titi a haka ya kashe wani, da wane baki zai ce bai gani ba. Ya ce kar ya sake taɓa sitiyari sai ya koma asibiti an yi gwajin gaskiya, ya ba shi kwana uku, kuma kuɗin kujera yana nan yana jiransa sai ya fara ɗaukar albashi. Ni kuma ya ce an sallame ni daga aiki, in tsaya a kawo abinci.

A hanyar gida na ji kamar an sauke mini buhu daga kai. Ashe duk wannan fargabar, da kwafar haruffa, da bita a hanyar kasuwa, a kan maganar da ba ta da tushe muka yi su. Da Baba ya tambayi direba ɗaya cikin waɗanda yake yi wa lodi kullum, da an wuce wurin, amma yana tsoron ya tambaya a gane. Da yamma Baba ya gaya wa Mama cewa idonsa ba ya ganin nesa. Mama ta ce ta daɗe tana zargi, tun ranar da ya wuce ta a bakin titi tana ɗaga masa hannu da kaya a kanta, amma da ta ga takardar asibiti sai ta ɗauka wulaƙanci ne kawai ya yi mata. Ta tambaye shi to yaya aka yi ya ci gwajin. Ya ce haddacewa ya yi. Ta ce wa ya ba shi. Ya ce shi ya nemo abinsa. Ina zaune a wurin ina ba Auta ruwa, bai ko kalli inda nake ba. Haka ya gaya wa nas ɗin ma da ya koma, ta yi masa tas, sannan ta sauke allon ta rataya wani. Kekensa ya sayar ya yi tabarau. Sauran wata ɗaya da rabi a ƙasa ya riƙa zuwa makaranta yana dawowa, yana cewa wai tafiyar tana yi wa bayansa daɗi.

Da kin ga ranar da ya karɓo tabaran. Ya tsaya a ƙofar gida ya sa, ya daɗe yana kallon bishiyar da ke tsallaken titi, ya ce ashe daga nan ana ganin ganye ɗaya ɗaya. Ya ce shi a zatonsa kowa kore kawai yake gani. Ya karanta sunan kantin da ke ƙarshen layi da ƙarfi, sau biyu. Ya shigo ya hango Mama a bakin murhu, ya ce yaushe ta yi furfura ba ta gaya masa ba. Mama ta ce shi ya sa mata ita, kuma in abin da tabaran zai riƙa nuna masa ke nan, ya mayar a ba shi kekensa. Muka yi dariya har Auta ta tsorata ta fashe da kuka. Rabon da a yi dariya irin wannan a ɗakinmu tun kafin firiji ya fita.

Bayan nan ribas bai ƙara ba shi wahala ba. Ranar jarrabawa ya shigar da tirela tsakanin ganguna sau ɗaya, ba gyara, aka ba shi lasisi, kuma a jikinsa an rubuta irin abin da ke jikin na Oga. Oga Birki da kansa ya kai shi wani kamfani mai jigilar siminti. Yanzu wata biyu zai yi yana bin wani babban direba suna karɓa-karɓa a kan rabin albashi, sannan a ba shi tasa motar. Mai gida ya ce ɗakinmu yana nan bai ba kowa ba, ƙarshen wata za mu koma. An auna ni an yanka mini kayan makaranta, suna wajen tela. Firiji dai da saura, Mama ta ce ba ta gaggawa, amma na ga duk lokacin da muka wuce shagon masu sayarwa sai ta rage tafiya.

Abu ɗaya ne ya rage da yake taɓa ni. Baba yana jin kunyar tabaran a unguwa. Abokansa na sito sun sa masa Furofesa, mai kanti yana ce masa likita a duba ni, shi kuma da ya shigo layinmu sai ya cire ya sa a gidan tabaran. Ranar tafiyarsa ta farko, bayan ya karya kumallo, maƙwabta suka taru a ƙofar gida suna yi masa Allah ya kiyaye, ya fita da jakarsa fuska ba komai. Na ɗauka yana aljihunsa. Ina shara, na ɗaga labulen taga, sai ga gidan tabaran a ajiye, na buɗe, yana ciki. Ban ko gaya wa Mama ba, na zura takalmi na fita da gudu. Ban taɓa gudu a titi haka ba, mutane suna kallona. Da na isa kamfanin maigadi ya tare ni ya ce yara ba sa shiga. Na yi magana bai ji ba, ya ce in ɗaga murya ko in tafi. Ga motoci suna ta fita ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji kaina ina faɗa da ƙarfi cewa babana sabon direba ne, ya bar idonsa a gida, kuma ba zan tafi ba sai na ba shi. Maigadin ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya buɗe. Na tarar da Baba a gefen mota yana lalube aljihunsa ɗaya bayan ɗaya, babban direban yana danna hon. Ya karɓa ya sa, ya ce mantawa ya yi, Allah ya yi mini albarka. Na yarda mantawa ya yi, don na ga yadda gumi ya jiƙa masa wuya. Amma ban sani ba ko da ban zo ba zai ce a tsaya, ko zai hau ya yi shiru don kar a ce sabon direba ya fara da matsala. Wannan ne ban sani ba.

Don haka ga abin da na yanke a raina, ban gaya masa ba, ke kaɗai nake gaya wa. Duk ranar da zai yi tafiya zan tsaya a ƙofa sai na ga tabaran a fuskarsa, ba a aljihu ba. In kuwa na taɓa gane ya ja mota babu shi, ko ya fashe ya ɓoye, zan gaya wa Mama a ranar, in ta kama in je wajen Oga Birki zan je da ƙafata in buɗe baki in faɗa. Ko Baba zai yi fushi da ni, ko aikin zai tafi, ko za mu sake komawa ɗaki ɗaya. Na rufa masa sau biyu, ba zan yi na uku ba.

Ki gaishe mini da Baban Tagwaye da kyau, da Tagwaye su biyun, da ɗanki Dogo, ki ce masa Rediyo tana nan tana riƙe da bashin tsokanar da ya yi mata. Ki shafa mini kan jaririyar da ban taɓa gani ba. Mama tana gaishe ki, ta san ina rubuto miki amma ba ta san me na rubuta ba. Ki sa Baba a addu'a, Allah ya kai shi lafiya ya dawo mana da shi lafiya, shi da duk wanda zai haɗu da shi a hanya.

Wassalam. Taki 'yar,
'Yar-shiru